Sunan ɗan kwana-kwana a gindin riga ake sa shi

Ka ce me? Wai don me na sa ka warware sunan da ka ɗinka a tsakiyar bayan rigar nan, alhali ya zauna daram, layin ya miƙe, kuma da zaren da muke aiki da shi kullum ka yi? To ajiye rezar tukuna, jawo benci ka zauna. Gara ka yi mini wannan tambaya yau da ka je ka buɗe naka shagon kana ɓata wa mutane kaya.

Hannunka ya faɗa, ban musa ba. Da kaftani ne da na ce madalla. Amma ka taɓa tsayawa ka kalli ɗan kwana-kwana lokacin da yake shirin shiga gidan da hayaƙi ya turnuƙe? Tukunyar iska yake goyawa, da maɗauri biyu a kafaɗa da ɗamara a ƙugu. Tukunyar nan daidai kan haruffanka za ta sauka, ta rufe su ruf. Sannan a cikin hayaƙi ba a tafiya a tsaye, rarrafe ake yi, domin zafi da hayaƙi sama suke taruwa. Kowa fuskarsa a rufe, kowa da hular kwano, tsayi da jiki duk sun saje. Wanda ke bin bayan ɗan'uwansa, abin da yake iya gani da tocila shi ne gindin riga da tafin takalmi. Shi ya sa masu yin waɗannan riguna suke sa sunan a can ƙasa, wasu ma a kan wani ɗan ƙyalle da ke reto ƙasa da bakin rigar. Idan mutum ya faɗi, na baya ya haska ya karanta, ya faɗa a rediyo wane ne ya faɗi. Sunan hukuma shi ake sawa a sama tsakanin kafaɗu, don jama'ar waje, lokacin da ba a goye da tukunya.

Wannan shi ne ƙaramin laifin. Miƙo mini laita da zaren da ka yi aikin.

Ka gani? Ko wutar ba ta gama taɓa shi ba ya kanannaɗe, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo. Taɓa ka ji, amma a hankali, yana manne wa fata. Foliyesta ke nan, ɗan'uwan leda ne, yana narkewa a wajen digiri 250 zuwa 260. Yanzu duba wannan na cikin akwatin da na hana ku taɓawa. Ya yi baƙi, ya ƙame, ina janye wutar ya mutu. Shi ake kira aramid, wanda aka fi sani da sunan Nomex, kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1967. Ba ya narkewa, sai zafi ya haura digiri 370 yake fara cinyewa. Yadin rigar irinsa ne. To ka ɗauki yadin da aka kashe maƙudan kuɗi don kada ya narke, ka jera masa layin leda a gadon baya. Ranar da zafi ya kai, haruffan za su zube, zaren kuma ya zama ɗigon narkakkiyar roba. Haruffan kansu, da baji, da Velcro ɗin nan mai kamawa kamar ƙarangiya, duk sai an samo irin wanda wuta ba ta ci.

Yanzu juyo cikin rigar. Nan ne raina ya fi ɓaci. Rigar nan hawa uku ce. Na waje yana tare harshen wuta da yagewa. Na ciki mai kauri, mai kama da bargo, yana tare zafi. Tsakaninsu akwai wani siriri mai santsi, shi ke hana ruwa shiga amma yana barin tururin gumi ya fita. Kai kuwa ka ɗora rigar a kan keke yadda take, allura ta ratsa duka ukun. Ƙirga hujin da ka yi a harafi ɗaya kawai. Mutumin nan cikin ruwa yake aiki, tiyo na feshi ta ko'ina. Ruwa ya bi hujin ya jiƙa bargon ciki, zafi ya same shi, sai ya zama tururi a jikin fata. Ka taɓa buɗe tukunyar dambu tururi ya daki hannunka? To haka, sai dai shi ba damar janyewa. Ga zif nan da maɓallai, an yi su ne don a cire shafin a ajiye gefe, a yi ɗinki a kan na waje kaɗai. A Amurka gyaran wannan na tsakiya ba a ba kowa, sai kamfanin da ya yi rigar ko wanda aka tantance. Mu a nan hannunmu ake kawowa, don haka nauyin a wuyanmu yake.

Tunda mun buɗe maganar, bari in nuna maka rifilekta, don na ga jiya kana yanka ta kamar bakin zani. Dubi tef ɗin da ke zagaye da hannun rigar. Ratsi uku ne: ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido a gefe da gefe, ruwan azurfa a tsakiya. Aikinsu daban-daban. Mai ruwan ɗorawar na rana ne. Akwai wani haske a cikin hasken rana da idonmu ba ya gani, launin nan yana shan sa ya mayar da shi wanda ido ke gani, shi ya sa yake kamar an kunna shi, musamman da asuba, da almuru, da ranar da hazo ya sauko a hunturu. Dare na yi, ya zama yadi kamar kowane. Mai ruwan azurfar kuma da rana toka-toka ne, ba abin kallo. Rufe ƙofar, kashe ƙwan. Riƙe tocilar a gefen idonka, ka ja da baya ka haska. Ka ga yadda ya tashi fari fat? Yanzu miƙa hannunka can gefe da tocilar, ka ci gaba da kallo. Ya dushe. Ƙananan ƙwayoyin gilashi ne a jikinsa, sun fi yashi ƙanƙanta, kuma duk inda haske ya fito, can suke mayar da shi. Direba idonsa na kusa da fitilar motarsa, saboda haka shi hasken ke komawa wa.

Ni ma na sha ƙasa a kan wannan. Ina sabon buɗe shago wani kamfani ya ba ni aikin rigunan masu ba da hannu a titi. Na shiga kasuwa na sayi tef mai ruwan azurfa, mai araha, yana ƙyalli a rana kamar sabon kwano. Na ɗinke tsaf na kai. Bayan kwana uku mutumin ya dawo da daddare, ya tsayar da motarsa a ƙofar shago, ya rataya rigar a jikin ƙyaure ya kunna fitila, ya ce in shigo in zauna kusa da shi in duba. Duhu kawai. Fenti ne a kan ƙyalle, babu ƙwayar gilashi ko ɗaya. Da kuɗina na sake aikin. Tun daga ranar tocila ba ta barin aljihuna idan zan sayi tef.

Faɗinsa ma ba da ka ake yi ba. Ƙa'idar duniya ta rigunan da ake so a hango daga nesa, ISO 20471, wadda ta fito a 2013, ta ce kada faɗin tef ya gaza milimita 50, wato inci 2 a tef ɗin awonmu. Idan layi biyu ne a ƙirji, a bar aƙalla inci 2 tsakaninsu, na ƙasan kuma ya ɗaga inci 2 daga bakin riga. Ya zagaye jiki duka, domin mota ba ta yi alkawarin ta gaba za ta zo ba. Ta kasa rigunan aji uku. Aji na 3, na masu aiki inda motoci ke gudu, yana son yadi mai launin nan ya kai murabba'in mita 0.80, rifilekta kuma 0.20. Ka riƙe wannan, don ranar da wani zai zo ya ce ka manna masa ƙaton tambari a baya. Duk inda tambari ya rufe, an rage launin ke nan, riga tana iya faɗowa daga ajinta kai ba ka sani ba. Ta 'yan kwana-kwana tana da nata ƙa'idojin, EN 469 a Turai, NFPA 1970 a Amurka, wadda ta maye gurbin NFPA 1971.

Abin da na fi so a tsarin nan shi ne na wuyan hannu da ƙafar wando. Layi ɗaya a ƙirji, direba zai iya ɗauka allon hanya ne ko bayan tirela. Amma ya ga haske biyu a ƙasa suna musayar taku, biyu a sama suna lilo, nan take ƙwaƙwalwarsa ta ce mutum ne, ƙafa ta tafi birki. Saboda haka in an kawo rage tsawon wando, kada ka kuskura ka datse da tef ɗin ka yar. Ɓare shi, rage wandon, mayar da shi. Kuma kada ka ƙara tef inda masu rigar ba su sa ba don ka burge. Tef ba ya numfashi, zafi da danshi suna taruwa a ƙarƙashinsa, an sha samun ƙuna daidai wurin. Shi ya sa za ka ga na zamani da ƙananan huji ko a yanke shi gunduwa-gunduwa.

Sai tambari. Nan telolinmu suke da ganganci. Kowa ya buɗe kemis ko ya sayi tsohuwar bas ya mayar da ita motar asibiti, sai ya zo a yi masa jan kuros a riga. Alamar nan tana da doka a kanta. Tun 1864 aka amince da ita a yarjejeniyar Janiba, jan jinjirin wata ya samu shiga a 1929, aka ƙara jan lu'ulu'u a 2005. Ta ma'aikatan lafiya na soja ce da ƙungiyar Red Cross da takwarorinta, ma'anarta kuma a fagen yaƙi ita ce kada a harbi wannan. Idan kowa ya sa, ranar da mai ita na gaskiya ya shiga inda ake harbi, wa zai yarda da shi? In mai motar asibiti ya zo, nuna masa shuɗin tauraro mai ƙafa shida da sanda da maciji a tsakiya. Asalinsa ma daga irin wannan rigimar ne: a Amurka motocin asibiti suna amfani da kuros mai ruwan lemo, Red Cross ta can ta yi ƙorafi a 1973 cewa ya yi kama da nata, sai hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar ta fito da tauraron. Haka kuma wanda ya zo ya ce a ɗinka masa bajin wata hukuma, NEMA ta agajin gaggawa ce ko ta kiyaye haɗurra ko ta kashe gobara, ba takarda ba katin aiki, ka ce masa maigidanka ba ya nan. A wurin gobarar kasuwa, riga mai baji ita ke buɗe wa mutum hanya har cikin rumfunan mutane.

Wasu kan ce a rubuta musu rukunin jininsu a ƙirji. Rubuta, kuɗinsu ne. Amma asibitin kirki ba ya ƙara wa mutum jini da abin da tela ya rubuta, sai ya gwada, balle riga da ake aro.

Hular kwano ba aikinmu ba ne, sai dai ka sani launinta ma magana ce. A Ingila ƙananan ma'aikata ruwan ɗorawa suke sawa, manya fara, da baƙaƙen layuka masu nuna muƙami. Kowace hukuma da nata tsarin, don haka tambaya ake yi kafin a zaɓi launin komai.

Alama ta ƙarshe tana ciki, ga ta nan a jikin shafi. Farin ƙyallen nan da kuke cewa yana sosa wuya, kada almakashinka ya je kusa da shi. Shi ke ɗauke da sunan kamfani, girman rigar, lambarta, da watan da shekarar da aka yi ta. A ƙa'idar Amurka, rigar shiga wuta ta cika shekara 10 daga ranar yi, an yi ritaya da ita ko da ba ta yage ba. Yanzu ka gane inda wasu na gwanjon nan suke fitowa, masu rubutun ƙasar waje a baya da sunan wani Bature a gindi. Ga ɗan acaba a lokacin sanyi, riga ce mai kyau. Wanda zai shiga wuta da ita kuwa, karanta masa shekarar da babbar murya. A rigunan titi kuma a nan ake rubuta wanki nawa tef zai jure. Bilic yana kashe launin, burushi yana kankare ƙwayoyin gilashin, dutsen guga mai zafi yana gama da sauran, shanya a tsakar rana kullum kuma tana cin yadin aramid ɗin kansa.

To ɗauki rezarka. Bi zaren ɗaya bayan ɗaya ta waje, kada bakin ya taɓa yadin. In ka gama ka zuge zif ɗin ka ciro shafin, ka ɗebo ruwa a buta. Za mu shimfiɗa shi a bakin bokiti mu zuba daidai inda allurarka ta bi, mu ga ko zai ɗiga. In ya ɗiga, gobe da safe tare za mu je wurin masu rigar, kai za ka riƙe ta, ni zan yi bayani.