Tambaya da Amsa: Za a iya buga Pokémon GO ba tare da sayen data ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kumasi ta ƙasar Gana. Yayana ya bar mini tsohuwar wayarsa ƙirar Android, amma layin da ke ciki na kira ne kawai, ba na sa masa data domin kuɗin da ake aiko mini bai wuce na abinci da na mota ba. Akwai waifai a makarantarmu da kuma ɗakin karatu. Abokaina suna buga Pokémon GO, wasan waya da ake yawo a gari ana kama halittun da ke bayyana a allo, ni ma ina sha'awarsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce GPS kyauta ne, saboda haka wasan zai yi ko babu data, wani kuma ya ce ba zai ko buɗe ba. Wane ne ke da gaskiya, kuma mene ne mafita ga mai irin halina? Daga mai karatunku a Kumasi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka biyu kowanne ya riƙo ɓangare ɗaya na gaskiya, domin wasan yana buƙatar abubuwa biyu daban, wato sanin inda kake tsaye da kuma magana da kwamfutocin kamfanin da ke gudanar da shi. Na farkon kyauta ne, na biyun kuwa ba ya yiwuwa sai da intanet.

Bari mu fara da na farkon. GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam mallakar gwamnatin Amurka, kusan guda 30, waɗanda ke kewaya duniya sau biyu a rana daga nisan kimanin kilomita 20,200. Kowannensu yana watso saƙo ba dare ba rana, mai ɗauke da lokaci da kuma wurin da yake a sararin sama, wayarka kuma saurare kawai take yi, kamar yadda rediyo ke kama tasha ba tare da an biya kowa ba. Da zarar ta kama saƙon taurari aƙalla huɗu, sai ta yi lissafin inda take. Ba ta aika musu komai, saboda haka ba ruwan wannan aiki da layi ko kati. Yawancin wayoyin yanzu ma suna haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na ƙasar Sin. Kana iya gwadawa da kanka: ka sauke taswirar Kumasi a Google Maps lokacin da kake kan waifai, sannan ka fita fili ka yi tafiya, za ka ga shuɗin ɗigon nan yana bin ka daga lungu zuwa lungu alhali babu ko ɗigon data a wayar.

Sai dai ka shirya wa ɗan jinkiri. Taurarin suna aiko da bayanin hanyoyinsu a hankali ƙwarai, bit 50 kacal a daƙiƙa ɗaya, har cikakken jadawalinsu yakan ɗauki minti 12 da rabi kafin ya kammala sauka. Waya mai data tana ɗauko wannan bayani ta intanet cikin ƙiftawar ido, shi ya sa masu data ba su san da wannan jira ba. Taka wayar, idan ta kwana biyu ba ta hau intanet ba, tana iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye kafin ta gane inda take, musamman a ƙarƙashin rufin kwano ko tsakanin dogayen benaye.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Lokacin da kamfanin Niantic ya fitar da Pokémon GO a watan Yulin 2016, ya gina shi ne ta yadda duniyar wasan ba ta zaune a cikin wayar kowa. Kwamfutocin kamfanin ne ke yanke shawarar wace halitta za ta bayyana a wane kwana da kuma tsawon lokacin da za ta yi a wurin, su ne ke ba ka kaya idan ka juya PokéStop, wato tashar ɗaukar kaya da ke kan taswirar wasan, su ne kuma ke rubuta cewa ka kama abin da ka jefa wa ƙwallo. Dalilin ke nan da ya sa kai da abokinka, in kuna tsaye wuri ɗaya, kuke ganin halitta iri ɗaya a lokaci guda. Idan intanet ya yanke kana cikin wasa, mutumin da ke wakiltarka a allo zai iya ci gaba da tafiya domin GPS na aiki, amma titunan za su zama wayam, alamar ƙwallo ta riƙa juyawa a kusurwar allo, PokéStop kuma ya ce ka sake gwadawa an jima. In kuwa ka rufe manhajar, ba za ta wuce allon farko ba sai ta samu intanet. Haka abin yake a Ingress, wasan da Niantic ya fara fitarwa a 2012, da sauran ire-irensu.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, intanet wasan yake nema, bai damu da ko daga layinka ya fito ko daga waifai ba. Da wannan fahimta za ka iya raba wasanka gida biyu, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi dacewa da kai.

Kashi na farko shi ne tafiya, wadda ba ta buƙatar komai. Tun ƙarshen 2018 aka ƙara wa wasan wani tsari mai suna Adventure Sync, wanda ke karɓar lissafin takunka daga manhajar lafiya ta waya, wato Apple Health a iPhone, ko Google Fit da Health Connect a Android. Wayar tana ƙirga taku da na'urar jin motsi da ke cikinta, ko da wasan a rufe yake, ko da babu intanet. Saboda haka, kafin ka bar makaranta da yamma, ka kunna wannan tsari, ka sa ƙwan halitta da ka samu a wasan a cikin na'urar ƙyanƙyasa ta wasan, ka rufe wasan gaba ɗaya, ka jefa wayar a aljihu ka kama hanyar gida a ƙafa. Washegari da ka hau waifai ka buɗe wasan, kilomitocin da ka taka za su shigo, wani lokaci bayan ɗan jira. Ƙwai na kilomita 2, 5, 7, 10 da 12 duk ta haka suke ƙyanƙyashewa, halittar da ka zaɓa ta zama abokin tafiyarka a wasan tana samo alewar da ake ƙarfafa halittu da ita, sannan akwai ladan mako ga wanda ya kai kilomita 5, 25 ko 50. Ka kula da abu biyu: ƙwan da ba a sa a na'urar ba ba ya ƙaruwa da komai, kuma tsarin tattalin batir na wasu wayoyi yakan hana ƙirga taku, don haka ka cire manhajar lafiyar daga cikinsa.

Kashi na biyu shi ne kamu da tara kaya, kuma wannan sai inda waifai ya kai. Ka buɗe wasan a makaranta ka duba ko akwai PokéStop ko Gym, wato fagen da halittu ke fafatawa, a kusa. A da sai mutum ya matso cikin mita 40 kafin ya taɓa su, amma an ninka tazarar zuwa mita 80 a lokacin annobar korona a 2020, aka kuma tabbatar da ita a watan Agustan 2021. Idan ka yi sa'a akwai ɗaya cikin wannan tazara daga inda kake zama, kana iya juya shi kowane minti biyar, kuma idan wani ya sa masa Lure, wato abin jawo halittu, halittu za su riƙa zuwa wurin har tsawon minti 30. Yawancin waɗannan wurare 'yan wasa ne suka gabatar da su tun zamanin Ingress, shi ya sa suka fi yawa a jami'o'i, da wuraren ibada, da wuraren tarihi, suka kuma yi ƙaranci a unguwannin da babu masu wasan.

Ranar da za ku fita yawo da abokai kuwa, ka roƙi ɗayansu ya buɗe maka hotsifot, wato ya raba maka datar wayarsa ta waifai. Wasan ba ya cin data kamar bidiyo, domin abin da yake aikawa da karɓa ƙananan saƙonni ne, 'yan megabait a awa guda. Abin da ke cinye data shi ne sabunta manhajar da sauke hotunan halittu, don haka ka yi waɗannan a kan waifai. Akwai wurin sauke dukkan kayan wasan lokaci ɗaya a cikin saitinsa. Ka kuma hana sauran manhajojin wayarka sabunta kansu yayin da kake kan hotsifot ɗin, domin bai kamata wanda ya yi maka alheri ya wayi gari datarsa ta ƙare ba. Idan wata rana ka sayi ƙaramin ƙunshi na kwana ɗaya, ka tabbata na intanet ne gaba ɗaya, domin wanda aka ware wa WhatsApp da Facebook ba zai buɗe wasan ba.

TAMBAYA: Malam, na saya wa ɗana iPad wanda ba ya ɗaukar layi. A gida wasan yana yi, amma idan muka fita na haɗa shi da hotsifot ɗin wayata, sai mutumin cikin allo ya riƙa tsalle daga wuri zuwa wuri ko ya tsaya cak. Na'urar ce ta lalace? Daga wata uwa a Yamai.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, na'urar lafiyarta ƙalau. Kamfanin Apple yana sa na'urar GPS ne kawai a cikin iPad mai ɗaukar layi. Wanda ke aiki da waifai kaɗai yana ƙiyasta wurinsa ne daga sunayen waifai ɗin da yake ji a kewaye, yana kwatanta su da wani kundi da ke intanet. A cikin gida wannan yakan wadatar, amma a kan titin da babu waifai da yawa ba shi da abin dogaro, shi ya sa kike ganin wannan tsalle-tsalle. Tsohuwar wayar hannu, ko da babu layi a cikinta, ta fi wannan iPad dacewa da wasan, muddin tana iya ɗaukar sabon zubin manhajar. Kuma tunda yaro ne, ya fi kyau ya riƙa wasan kina kusa, nesa da bakin titi, domin wasa ne da ke ɗauke ido daga hanya.

TAMBAYA: Na ji akwai manhajar da ke yaudarar waya ta nuna mutum yana Landan ko Tokyo alhali yana kwance a ɗakinsa kan waifai. Wannan ba zai magance matsalar data ba? Daga mai karatu a Akara.

AMSA: Ɗan'uwa, ban ba ka shawarar haka ba ko kaɗan. Dokokin wasan sun haramta shi, kuma tun 2018 kamfanin ya bayyana hukuncinsa mataki uku: gargaɗi na kwana 7 wanda a cikinsa ba za ka ga halittun da ba a cika samu ba, sai dakatarwa ta kwana 30, sannan rufe asusu ɗungurungum tare da duk abin da ka tara. Ban da wannan, sau da yawa ana sauke irin waɗannan manhajoji ne daga shafukan da ba a tantance ba, wasunsu kuma sai ka miƙa musu asusunka kafin su yi aiki. Zalunci ne kuma ga ɗan wasan da ya taka da ƙafarsa cikin rana ya kama Gym, wani ya ƙwace shi daga kan gado.

Idan abin da kake nema shi ne wasan wuri da ke yi babu intanet sam, to ka duba Geocaching. Ya samo asali ne a watan Mayun 2000, lokacin da Amurka ta daina rage ingancin GPS ga farar hula, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon ya wallafa lambobin wurin domin a je a nemo. A yau akwai irin waɗannan ɓoyayyun akwatuna fiye da miliyan uku a duniya. Tunda akwatin na gaske ne, da ɗan littafin sa hannu a ciki, ba ka buƙatar wata kwamfuta ta tabbatar maka da samunsa. Manhajar c:geo ta Android kyauta ce, tana ba ka damar adana bayanan akwatuna da taswirar gari a kan waifai, ka fita nema da GPS kaɗai, ka rubuta sakamakon bayan ka dawo. Kafin ka ɗaura niyya, ka buɗe taswirar ka ga nawa ne ke kusa da kai, domin sun fi yawa nesa ba kusa ba a Turai da Amurka fiye da Afirka ta Yamma, sannan ka zaɓi waɗanda aka samu kwanan nan, domin tsofaffin da aka daɗe ba a ziyarta ba sau da yawa sun riga sun ɓace.