Amsa ga ƙanenmu na Daura kan kafa na'urori a sitiyarin jirgin ruwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, na bari sai da na rufe shago, don ba amsar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: maigidansa a Legas ya sayi jirgin ruwa na hannu, irin mai ƙyalle da ke tafiya da iska, tsawonsa ƙafa 36. Ya kawo masa allon taswira mai inci 9, da agogon iska, da na zurfin ruwa, da madannin na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya ce a kafa su a wajen sitiyari. Shi ne yake tambaya ko ya haɗa su duka a akwati ɗaya a saman sitiyarin, kuma ta ina zai bi da wayoyin. Na ga wasu 'yan nan Katsina suna tsokanarsa, wai mu da ruwanmu bai wuce dam ɗin Jibiya da na Zobe ba, me ya haɗa mu da jirgin teku. To, neman abinci ne ya haɗa mu. Ni kaina kafin in dawo gida in kama harkar sola, wannan aikin na daɗe ina yi a bakin ruwan Legas.

Amsata ita ce kada ka tara su wuri ɗaya, kuma kada ka huda ko rami ɗaya sai an fita da jirgin cikin iska kana ciki.

Idan jirgin yana ɗaure a gaɓa, kowa tsayuwa yake a bayan sitiyari, sai ka ɗauka nan ne wurin matuƙi. Da zarar an ɗaga ƙyalle iska ta cika shi, jirgin zai kishingiɗa gefe guda, matuƙin ya koma ya zauna a gefen da ya ɗaga, ya riƙe sitiyarin da hannu ɗaya yana kallon gaba. Idan aka juya jirgin ya koma ɗaya gefen. Daga can allon da ka kafa yana fuskantar baya sai dai ya gan shi a kaikaice, ko ma ya ga bayan akwatin kawai. Don haka ka samu kwalin taliya, ka yanka shi daidai girman kowace na'ura, ka manna da salatif inda kake tunanin kafawa, a fita yawo ko zuwa gaɓar Tarkwa Bay ne, nan bakin mashigar Legas. Ka zauna dama, ka zauna hagu, ka tsaya. Ka lura da igiyar babban ƙyalle lokacin da sandarsa ta kwance take tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. A jirage da yawa igiyar nan tana wucewa dab da gaban sitiyari, kuma da ƙarfi take zuwa. Idan ta fizge kwali, ka san da allon miliyoyi ne ta yi gaba da shi.

Sannan akwai mai wurin, wato kamfas, faifan nan mai nuna arewa, da ke zaune a kan ginshiƙin sitiyari. Shi kaɗai ne a cikin kayan nan ba ya buƙatar batir, kuma ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar ruwa shi zai kai mutane gida. Duk abin da ke da maganaɗisu ko ƙarfe ko wayar da wuta ke bi yana janye shi. Ka buɗe littafin kowace na'ura, za ka ga an rubuta tazarar da ya kamata a bar tsakaninta da kamfas, wasu santimita ƙalilan, wasu fiye da rabin mita. Amma kada ka tsaya ga takarda. Ka ɗaure jirgin ya tsaya cak, ka rubuta lambar da kamfas yake nunawa, ka kawo allon a kashe ka riƙe shi daidai inda zai zauna, ka sa ido a kan faifan. Sannan ka kunna shi, ka ƙure haskensa, ka sake dubawa. Ka juya jirgin ya fuskanci gabas bayan ka gwada yana fuskantar arewa, domin karkatar ba ɗaya ba ce a kowace fuska; wani abin ba zai motsa shi a arewa ba, sai ka juya ka ga ya zame digiri biyar. Ka gwada har da murfin allon, don wasu murafan akwai maganaɗisu a jikinsu. Sifika kuwa, da makirfon rediyo, ko kusa kada su zo. Ka ɗauki makirfon ka matso da shi a hankali don ka gani da idonka: faifan zai biyo shi yana juyawa. Wayar wuta biyu da za su wuce kusa da kamfas, ja da baƙa, ka murɗe su tare kamar tufka, hakan yana sa janyewar ɗaya ta kashe ta ɗayar. Digiri ɗaya na kuskure yana kauce da jirgi kusan mil ɗaya a tafiyar mil 60, ka lissafa na biyar.

Ita ma na'urar tuƙi tana da nata kamfas na lantarki, ɗan ƙarami. Wannan ba a sitiyari ake sa shi ba. A cikin jirgi ake kafa shi, kusa da tsakiyarsa, a nesanta shi da inji da batir da manyan wayoyi kamar mita ɗaya.

Ga yadda ni zan raba su da ni ne. Allon taswira da madannin na'urar tuƙi su zauna a sitiyari, don su ne ake taɓawa, kuma madannin da ke kashe tuƙin na'ura dole hannu ya kai gare shi ba tare da an tashi ba. Agogon iska da na zurfi kuwa kallonsu kawai ake yi, sai a kai su gaba, a saman ƙofar da ake sauka cikin jirgi. A nan matuƙi yana ganinsu daga kowane gefe ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma masu jan igiya su ma suna gani. Wannan rabon yana rage girman akwatin, kuma girman akwatin ba ƙaramar magana ba ce a Legas. Mashigar nan ta Commodore, hanyar shiga Legas daga teku, manyan jiragen kaya ne ke bi zuwa tashoshin Apapa da Tin Can, ga jiragen fasinja masu gudu, ga kwale-kwalen masunta da ba su da fitila. Idan akwatin ya kai tsayin idon mai tuƙi, ka toshe masa gaba ke nan. Ka auna da mafi gajarta a cikin masu tuƙa jirgin, ba da kanka ba.

Ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke gaban ginshiƙin, wanda akwatin zai hau kansa, asalinsa marikin hannu ne. Idan igiyar ruwa ta bugo, shi mutum yake cafka. Ka bar wurin da tafin hannu zai shiga a sama da gefe. Ka kuma duba cewa akwatin bai hana hannun giyar inji kaiwa ƙarshe ba, kuma bai tare sandar tuƙi ta gaggawa ba, wadda ake zurawa idan sitiyari ya lalace. Ka nemo ta a cikin jirgin ka gwada sa ta, galibi tana can an jefar a ƙasan kaya.

Maganar wayoyi kuma, ta cikin bututun wannan marikin hannun za ka bi da su, ba ta cikin ginshiƙin ba. A cikin ginshiƙin akwai sarƙa da wayar ƙarfe da ke juya jirgin. Na taɓa buɗe wani da aka kira ni gyara, wanda ya yi aikin kafin ni ya zura wayoyinsa ta nan don ya fi sauƙi. Sarƙar ta cinye robar har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli, garin roba baƙi ya taru a ƙasa, kuma duk lokacin da aka murɗa sitiyari dama sai allo ya mutu. Bututun galibi inci ɗaya ne ko ɗaya da kwata, kuma matsalar ba kaurin waya ba ce, kan fulogin ne. Ka fara zura mai babban kai, sannan ƙananan su biyo, ka bar zare ɗaya a ciki saboda wanda zai ƙara wani abu gaba. Duk ramin da ka huda a bututun ka goge bakinsa ka sa masa roba.

Idan kayan sababbi ne, da tsarin NMEA 2000 suke magana da juna, ko na kamfanin Garmin ne ko B&G ko Simrad. Raymarine ma shi ne, sai dai nasu fulogin daban, sunansa SeaTalkNG, ana haɗawa da ɗan guntun waya na musamman. Tsarin kamar layin wuta ne na unguwa: babbar waya ɗaya ta ratsa, kowane gida ya ja reshensa. Reshe kada ya wuce mita 6. A kowane ƙarshen babbar wayar akwai murfi mai resisto na om 120, biyu ne ba ɗaya ba, ba uku ba. Ka kashe wuta, ka sa mitarka tsakanin wayoyin saƙo biyu, fara da shuɗiya: idan ka ga om 60 lafiya lau, idan 120 ka gani murfi ɗaya ya ɓace, idan 40 ne wani ya ƙara na uku. Wutar layin ta shiga ta wuri ɗaya tak, da fiyus ɗinta. Shi allon taswirar yana da tasa wayar wuta daban. Idan akwai tsohuwar na'ura mai NMEA 0183 a jirgin, ba za ta shiga layin kai tsaye ba, sai da na'urar da ke fassara tsakaninsu.

Abin da ka saba da shi a sola zai yi maka amfani, amma wayar da muke saye a kasuwa a nan ba ta wannan aikin. Mu ƙura ce matsalarmu, su gishiri. Jan ƙarfe tsirara yana baƙi ya rube a cikin robarsa, don haka ka nemi waya mai silli-silli da aka shafe da kuza. Asarar wuta a hanya kada ta wuce kashi 3 cikin 100, wato volt 0.36 a tsarin volt 12. Ka jawo daga batirin hidima, wato mai ba fitilu da na'urori wuta, ba na tayar da inji ba, in ba haka ba duk lokacin da aka buga inji allo zai mutu ya sake tashi, kuma daidai lokacin shiga tasha ake buga inji. Kusoshi da notina su zama sitenles mai lamba 316, inda kuma suka shiga alminiyam ka shafa musu man raba ƙarfe, don gishiri yana sa su ci juna har su ƙi kwancewa. Kowace waya ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau cikin akwati, ruwa ya ɗiga a waje. Kada ka toshe akwatin ruf da gam. Ka bar ɗan rami a ƙasansa, saboda gumin da ke taruwa a ciki ya samu hanyar fita. Yawancin allunan nan zafin digiri 55 ne iyakarsu, kuma baƙin akwati a ranar Legas yana iya kaiwa can, sai ka zaɓi fari.

Ka ce wa maigidanka ya zo da tabarau ɗinsa na rana ranar gwaji. Irin masu kashe ƙyallin ruwa suna mai da wasu allunan baƙi ƙirin idan aka karkata kai. Idan kuma allon na shafawa ne zalla ba shi da madannai, ya sani cewa jiƙaƙƙen hannu da ruwan sama suna rikita shi, gara ya zauna ƙarƙashin rumfa.

Ka turo mini hoton ginshiƙin daga gaba da gefe, da faɗin bututun, da tazarar da ke tsakanin ƙafafunsa biyu. Galibi inci tara da rabi ne ko 12, kuma da wannan awon ake sayen akwatin, kada ka yi odarsa kafin ka auna. Allah ya ba da sa'a, ka gaida mutanen Daura idan kun yi waya.