Tambayi Likita: Kula da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki

Tambaya daga Gwammaja: Likita, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, yanzu yana tafiya da sanda. Ya ce ya warke, ya ajiye maganin hawan jini ya koma jiƙo. Yaya za mu yi?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya. Ki lallaɓa Baba ya koma kan maganinsa tun yau. Hawan jini ba warkewa yake yi ba, danne shi ake yi, kuma shi ne kan gaba wajen jawo wannan lalura a ƙasar nan. Mugun halinsa shi ne yakan zo ba ciwon komai: awon mutum ya kai 180/110 yana zaune yana cin tuwo. Wanda abin ya taɓa samu kuwa ya fi sauran mutane haɗarin sake samu. Muna so awonsa ya riƙa tsayawa ƙasa da 130/80. Ku sayi na'urar awo, ku riƙa rubutawa a littafi, ku taho da shi ranar ganin likita. Jiƙo ba ma sanin abin da ke cikinsa, wani ma da kanwa ake haɗa shi. Sannan kada a sayo masa asfirin a kemis don wani ya ce ya yi masa amfani. Ciwon iri biyu ne, toshewar jijiyar jini da fashewarta, hoton ƙwaƙwalwa ke bambancewa, kuma asfirin na iya ƙara ta'azzara na fashewa.

Tambaya daga Kurna: Maigidana ne ba lafiya. Wane abinci zan riƙa ba shi?

Amsa: Abincin gida, amma ki janye hannu daga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ke nan, kuma magi da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Ki yawaita zogale, alayyahu, wake da kifi, ki rage kitse da soye-soye. In yana ƙwarewa, ki zaunar da shi sosai kafin ki ba shi, ki kuma sanar da likitansa.

Tambaya daga Hotoro: An ce mu riƙa gasa wa Hajiyarmu hannun da ruwan zafi muna ja. Haka ne?

Amsa: A'a. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi sosai, sai a ƙona ta ba ta sani ba, jan hannun kuma yana ɓata kafaɗa. Ku kai ta sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Murtala, a koya muku motsa jikin da za ku riƙa yi mata a gida. Kada ku yi mata komai da komai saboda tausayi. Abin da za ta iya, ko da riƙe kofi ne, ku bar ta ta yi. In kun ga ta cika shiru ko kuka, ku faɗa mana, ciwon damuwa yakan biyo bayan wannan lalura kuma yana da magani. Ranar da kuwa baki ya sake karkacewa, ko magana ta harɗe, ko hannu ya saki, a wuce asibiti nan take, ko da abin ya lafa bayan 'yan mintoci.