Fumfuna ta kama wiwin da na adana, wuta za ta kashe ta?

Tambaya: Ina zaune a ƙasar da doka ta halatta shuka wiwi a gida don magani. Mahaifiyata ce ke jinyar ciwon daji, ita na shuka wa. Mako biyu da zuba shi a kwalba sai na ga wani farin abu kamar auduga, ga wari. Abokina ya ce in kankare in gasa, wai wuta na kashe komai. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Ɗan'uwa, zubar da abin da ke cikin kwalbar nan duka, yau ɗin nan.

Maganar abokinka kullum sai na ji ta, kuma ta ishe ni. Farin da ka gani na sama ne kawai, zarurrukan fumfunar sun riga sun ratsa cikin furen, kankarewa ba ta kai gare su. Idan irin fumfunar da ake kira Aspergillus ce, ƙwayoyinta na bin iskar da ake zuƙa wajen shan wiwin su shige huhu tun wuta ba ta iso inda suke ba. Wani nau'inta kuma yana fitar da gubar aflatoxin, wadda zafin girki ba ya lalatawa. Mai lafiya kan tsira da tari. Amma wanda maganin daji ya raunana wa garkuwar jiki, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, fumfunar na iya kafuwa a huhunsa har ta yi ajalinsa. Masu cewa a fesa barasa ko a shanya a rana, da ran mutane suke wasa, ba su taɓa tsayawa a kan gadon irin wannan majinyacin ba.

Gaggawar da ka yi ce ta jawo matsalar, domin ka rufe wiwin a kwalba da sauran ruwa a jikinsa. Busarwa na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 a ɗaki mai duhu da iska, zafi digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Celsius, har ƙaramin reshe ya riƙa karyewa ƙas maimakon lanƙwasawa. Sannan a zuba a kwalbar gilashi, a bar sarari a sama, a sa ƙaramin ma'aunin laima a ciki. Kashi 58 zuwa 62 ake nema. Da ya haura 65, ko ka ji wari mai kama da na fitsari, fito da shi ya ƙara bushewa. A makonni biyun farko a riƙa buɗewa kullum na 'yan mintuna. Haske da zafi suna lalata THC, sinadarin da ke ba wiwi ƙarfinsa, firiji kuwa raɓa yake tarawa.

Idan Mama ta riga ta yi amfani da na kwalbar nan, gaya wa likitanta ba ɓoye-ɓoye. Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko tari da jini, kai ta asibiti a daren, kada ka jira gari ya waye.