Allurar toshe TNF za ta yi wa gwiwar Hajiya amfani?

Ɗan'uwa, ka ce likita ya gaya wa Hajiya guringuntsin gwiwarta ya cinye, kana tambaya ko allurar adalimumab mai tsadar nan za ta taimaka mata. In dai zaizayewar shekaru da nauyi ce, ba za ta yi ba, kada ku kashe kuɗinku. An yi ta ne don amosanin da garkuwar jiki ke afka wa gaɓɓai da kanta, wato rumatoyid. A can wani furotin mai kai saƙo, TNF, shi ke hura wutar kumburin, yana sa gaɓa ta fitar da sinadaran da ke tsinka zaren guringuntsi; shi allurar ke toshewa. A ciwon zaizayewa ma akwai shi, da ɗan'uwansa IL-1, amma da aka gwada toshe su, sauƙin bai taka kara ya karya ba.

Sai dai ka lura da Hajiya da asuba. Yayata ta shekara biyu ana ce mata sanyin ƙashi ne, alhali yatsun hannayenta biyu a kumbure suke, ta fi awa guda kafin ta iya riƙe butar alwala. Gwajin jini ya nuna rumatoyid ne. In haka Hajiya take, ku nemi likitan gaɓɓai da wuri, don guringuntsi ba shi da jijiyar jini, abin da ya tafi da wuya ya dawo. Ko allurar za a ba ta, sai an fara duba ta tarin fuka, domin tana iya tayar da wanda ya kwanta. Allah ya ba ta lafiya.