Amsar kawu ga mai son karatun diflomasiyya a Akra

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirinka na kimiyyar siyasa, kana son zuwa Jami'ar Gana da ke Legon ka yi na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, amma abokanka sun sa ka gaba da dariya, wai me ɗan Najeriya zai koya a ƙasar da jama'arta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na namu ba. Ka kuma tambayi ko takardar za ta ba ka aiki.

Ni ba malamin jami'a ba ne, ka sani. Sana'ata fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso da Nijar. Amma mai irin aikina yakan riga ɗan jarida sanin cewa shugabanni biyu sun ɓata, domin tireloli ne ke fara yin layi a iyakar Paga. Daga nan nake kallon lamarin, kuma ra'ayina shi ne ƙanƙantar da abokanka ke raina wa ita ce dalilin zuwa. Babbar ƙasa tana iya yin kuskure ta rufe shi da kuɗi ko da yawan soja. Gana ba ta da wannan gatan, dole ta yi lissafi kafin ta buɗe baki, kuma lissafin a fili yake ga mai son koyo.

Ba da taka-tsantsan aka fara ba kuwa. A daren samun 'yanci, 6 ga Maris 1957, Kwame Nkrumah ya ce 'yancin Gana ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya, kuma bai bar maganar a baki ba. A Afrilun 1958 ya tara ƙasashen Afirka takwas masu cin gashin kansu a nan Akra, a Disamba ya tara 'yan gwagwarmaya daga ko'ina, har da Patrice Lumumba. Da Faransa ta yi fushi da Sekou Toure, Gana ce ta ba Gini rancen fam miliyan 10. Ya tura soja Kwango a 1960, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu a Belgrade a 1961. Sai dai maƙwabta sun ƙullace shi, saboda 'yan adawarsu a gidansa suke samun mafaka. Mutanen Sawaba na Djibo Bakary, 'yan adawar Nijar, a nan suka fake, shi ya sa Diori Hamani na Nijar da Houphouet-Boigny na Kodebuwa da wasu suka ƙi halartar taron ƙungiyar haɗin kan Afirka da aka yi a Akra a 1965. Ranar 24 ga Fabrairun 1966 soja suka hamɓarar da shi yana kan hanyar Hanoi, ya tafi sasanta yaƙin Biyetnam alhali gida na ci da wuta.

Waɗanda suka biyo bayansa sun riƙe sunan da ya yi wa ƙasar, suka rage kashe kuɗin. Abin da Gana ke ciniki da shi yanzu shi ne amana. Tana ba da soja ga ayyukan kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya tun daga Kwango har Labanon, kuma Janar Arnold Quainoo ne kwamandan farko na rundunar ECOMOG ta ƙasashen Yammacin Afirka a Laberiya a 1990, duk da cewa Najeriya ce ta ɗauki nauyi mafi yawa. Tana ba da masauki: a Akra aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin Laberiya a Agustan 2003, a nan kuma hedikwatar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka take tun 2020. Tana kuma iya tura 'ya'yanta kujeru. Alex Quaison-Sackey ya shugabanci babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1964, Kofi Annan ɗan Kumasi ya riƙe majalisar daga 1997 zuwa 2006, Mohamed Ibn Chambas ya jagoranci ECOWAS, Shirley Ayorkor Botchwey kuma ta zama babbar sakatariyar ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2025. Ƙasar da ba ta tsorata kowa tana samun ƙuri'ar da babba ba zai samu ba, wannan kuwa mu 'yan Najeriya ba mu cika son ji ba.

Amma idan ka tambaye ni abin da ke hana jami'an nan barci, ba kujerun New York ba ne, arewa ce. Gana na zaune tsakanin ƙasashe uku masu Faransanci, Kodebuwa a yamma, Togo a gabas, Burkina Faso a arewa, kuma masu ɗauke da makamai sun yi kaka-gida a can gefen iyakar Burkina, kusa da Bawku da dama ke fama da rikicin sarautarta. Saboda haka aka ƙirƙiro shirin tsaro na haɗin gwiwa mai sunan Akra a 2017. A Disamban 2022 Shugaba Akufo-Addo ya faɗa a Washington cewa Burkina ta ɗauko sojojin hayar Wagner na Rasha. Wagadugu ta kira jakadan Gana ta nuna masa ɓacin ranta, ba a jima ba aka tura ministan tsaron ƙasa ya je ya lallashe su. Mu da ke da kaya a hanya mun san dalili. Tumatirin da ake miya da shi a Akra da Kumasi lokacin rani daga Burkina yake zuwa, shanu ma haka, albasa kuma ta Galmi ce a Nijar. Da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin Yulin 2023, 'yan uwanmu masu albasa a kasuwar Adjen Kotoku sun ga tashin farashin da har matan gida suka koka. Tashar Tema kanta tana cin abinci da kayan ƙasashen nan marasa teku, kuma Lome da Abidjan na jiran ta yi sake.

To ka ga abin da John Mahama ya yi. Ranar rantsar da shi, 7 ga Janairun 2025, Kyaftin Ibrahim Traore na cikin manyan baƙi, a watan da Mali da Burkina da Nijar ke kammala ficewa daga ECOWAS. Ya naɗa manzo na musamman ga ƙawancensu, a Maris ya zagaya Bamako da Yamai da Wagadugu da kansa. Wasu a nan sun ce bai kamata ƙasar da ke alfahari da zaɓe ta shimfiɗa wa masu juyin mulki tabarma ba. Ni ban ga wata hanyar ba. Wanda katangarsa ɗaya da gidan da gobara ta kama ba ya tsayawa tambayar halin mai gidan kafin ya kai ruwa. Haka marigayi Shugaba Atta Mills ya ƙi ba da soja a rikicin zaɓen Kodebuwa a farkon 2011, aka zage shi, ya toshe kunne. Da rigimar iyakar teku mai arzikin mai ta taso tsakanin ƙasashen biyu, kotun dokar teku da ke Hamburg aka je, hukuncin Satumban 2017 ya fi yi wa Gana daɗi, kuma bayan shekara biyu suka haɗa kai suka ɗora wa masu sayen koko ƙarin dala 400 a kan kowane tan.

Sai bashi. Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamban 2022, ta karɓi shirin dala biliyan 3 daga asusun IMF a Mayun 2023, kwamitin ƙasashen da ke bin ta kuwa Sin da Faransa ne ke shugabantarsa. Mai wannan hali ba ya zaɓen gwani tsakanin manya. Wani lokacin har abin ya yi yawa: a 2016 gwamnati ta karɓi 'yan Yaman biyu daga kurkukun Guantanamo bisa roƙon Amurka, kotun ƙoli ta ce a 2017 an saɓa wa tsarin mulki tunda majalisa ba ta amince ba. Wannan shari'ar kaɗai ta isa a rubuta kundi a kanta.

Yanzu ɓangaren da ya shafe ka kai tsaye, kuma kada daɗin tarihin Nkrumah ya rufe maka ido. Hausawa sun daɗe a ƙasar nan, tun fataucin goro zuwa Salaga, kuma a unguwannin Akra irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama, unguwar babban limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, za ka yini ba ka yi wani harshe ba sai Hausa. Waɗannan 'yan ƙasa ne, kai baƙo ne, kuma bambancin a takarda yake. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su bar ƙasar. Tsofaffin zango har yau suna ba da labarin waɗanda aka haifa a nan suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi ita ma, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida. Kowane ɓangare na tuna nasa ciwon ya manta na ɗayan. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da ke son buɗe harkar ciniki ya kawo jarin dala miliyan ɗaya, kuma da ita aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Suame ta Kumasi da Circle ta Akra. Idan ka yi ƙorafi sai su tuna maka cewa Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kayansu suka maƙale a Seme. Ga shi kuwa ƙasar nan ce ke ɗauke da hedikwatar ciniki maras shinge! Da ni ne kai, a kan wannan giɓin zan yi bincikena, in bi motar albasa ɗaya daga Galmi zuwa Akra in ga abin da yarjejeniyoyin ke zama a hannun ɗan kwastan.

Batun aiki, kada ka sa rai da ma'aikatar harkokin wajen Gana, ta 'yan ƙasa ce. Cibiyar nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa da kake nema a Legon, LECIAD, an kafa ta a 1989 da hannun ma'aikatar don horar da jami'anta, saboda haka za ka iya zama aji ɗaya da masu aikin jakadanci da hafsoshi, kuma sanin irin waɗannan ya kai takardar daraja. Akwai kuma cibiyar horon kiyaye zaman lafiya ta Kofi Annan a Teshie mai nata darussa. Ƙofofin da za su iya buɗe maka su ne ECOWAS a Abuja, Tarayyar Afirka, ƙungiyoyin agaji, ko ma'aikatarmu ta gida, kuma babu wadda ke ɗauka don ganin sunan Legon kawai. Abin da ke raba masu nema shi ne Faransanci. Kana da Hausar da za ta kai ka Maraɗi da Damagaram, ka ƙara mata Faransanci tun kana gida, kada ka jira sai ka zo.

Shigowa ba ta buƙatar biza, kana da kwana 90 a ƙarƙashin tsarin ECOWAS, amma ɗalibi sai ya yi katin shaida na baƙi da izinin zama, kuma kada ka bari ya ƙare a hannunka. Kuɗin makarantar ɗaliban waje da dala ake yanka shi, ka lissafa da canjin ranar biya, ba na yau ba. Masu gidajen haya a Akra sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, don haka ka fara sauka wurina a Mamobi, daga baya mu nema maka ɗaki a Madina, ta fi kusa da Legon kuma zango ce babba. Ka turo mini hoton sakamakonka da fasfo in kai wa wanda zai duba ko sun cika sharuɗɗan bana. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata in ta yarda da tafiyar ta kira ni mu yi maganar kuɗin zangon farko.