Kibod ɗin wayales: wanne zan saya, kuma ya ake haɗa shi?

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan saƙonni uku ne suka shigo min duk a kan kibod ɗin nan mara igiya da muke cewa wayales.

Na farko daga wata ɗaliba ce a Jami'ar Jihar Gombe. Ta ce ba ta da laftof, a waya take buga furojet ɗinta har babban yatsanta ya fara ciwo, sai ta tara kuɗi ta sayo kibod wayales, amma ta kunna Bluetooth ta nema ta nema wayar ta ƙi ganinsa. Ko an cuce ta ne?

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, da wuya a ce ya lalace. Wayales ɗin iri biyu ne kuma masu shago da yawa ba sa bayani. Duba cikin kwalin ko ki buɗe murfin batir, in kin ga wani ɗan mitsitsin abu kamar kan fulash, bai fi farcen babban yatsa ba, to mai yiwuwa naki ba na Bluetooth ba ne, in haka ne da wannan ɗan abin kaɗai yake magana, ko kwana za ki yi kina nema ba zai fito ba. Mafita ita ce ki sayi OTG, wato ɗan mahaɗin da ake jona kayan USB a waya da shi, wanda ya dace da bakin cajin wayarki, Type-C ne ko tsohon ƙaramin bakin nan, ki soka ɗan abin a jikinsa ki jona a waya. Wasu wayoyin sai kin shiga saitin kin kunna OTG tukunna. Abin da ba na so da wannan hanyar shi ne ta toshe bakin caji, ga shi wuta in an kawo ba ta daɗewa, kina tsaka da babi na uku sai ki zaɓa tsakanin caji da rubutu. In mai shagon zai yarda ki mayar ya canza miki da na Bluetooth, wallahi shi ya fi miki.

Shi kuma haɗa shi ba wuya. Ki sa batir ki kunna, ki danne maɓallin da ke da alamar Bluetooth kamar daƙiƙa 3 har fitilar ta fara ƙiftawa da sauri, sannan ki nemo sunansa a wayar ki taɓa. Wani lokaci wayar za ta nuna lambobi. A nan mutane ke maƙalewa. Na taɓa zama kusa da ɗan yayata a Yelwa, ya fi minti ashirin yana neman inda zai rubuta lambobin a gilashin waya, gumi har wuya, alhali a jikin kibod ɗin ake buga su a danna Enter, kuma ba za ki ga komai yana fitowa ba lokacin da kike bugawa, ki dai buga kawai.

Na biyu wani bawan Allah ne mai shagon buga takardu da fotokwafi a wajen Wunti a Bauchi, ya ce yara sun ɓatar masa da ɗan abin sokawar, zai samu wani ya saya shi kaɗai?

Malam, gaskiya ɗaya ce, yawancin masu arhar nan tun daga kamfani aka ɗaura kibod da ɗan abinsa, na wani ba zai yi ba. Sai dai in naka Logitech ne mai wata 'yar alama ruwan lemo kamar tauraro, wato Unifying, shi ɗan abin sokawarsa ana sayar da shi daban kuma guda ɗaya yana ɗaukar na'ura har 6. Amma tsakani da Allah, kwamfutar tebur ce da ba ta motsi, mutane na shige da fice, me za ka yi da wayales? Sayi mai igiya ka huta da batir da ɓatan kaya.

Na uku malamin sakandare ne daga Kumo, yana son guda ɗaya da zai yi masa laftof da waya, kuma yana tambaya na caji ko na batir, sannan ya zai buga ƙ da ɗ da ɓ.

Malam, nemi irin Logitech K380, yana riƙe na'ura 3, maɓallai uku ne a sama ka danna ɗaya kana laftof ka danna ɗaya ka koma waya. Batir biyu ƙanana yake ci, AAA, waɗanda ko a shagon unguwa za ka samu, shi ya sa ni na fi son na batir, don na cajin in batirinsa na ciki ya mutu shikenan. Sai dai in za ka ajiye shi lokacin dogon hutu ka cire batiran, suna zubar da wani farin abu da ke cinye ƙarfen, kuma ka riƙa rufe shi da ƙyalle da hunturu, ƙurarmu ta nan ba ta barin maɓalli. Jabu sun yi yawa, don Allah kada ka biya sai ka haɗa shi da wayarka a cikin shagon, ka buɗe wajen rubutu ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya.

Batun haruffa masu lanƙwasa, a Windows ka shiga saitin harshe ka ƙara Hausa, sai ka riƙa danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara kana sauyawa. A wayar Android kuwa ka shiga saitin kibod ka kunna zaɓin da ke barin na gilashi ya fito ko da na waje yana haɗe, in ka zo kan ƙ sai ka taɓo ta a Gboard na Hausa, wato kibod ɗin gilashi na Google, ka ci gaba da rubutunka.